Layin da aka ja wa jan biro

Ranar Alhamis na mayar da makullin ɗakin gwaji. Wata takwas na yi ina kankare cikin kumatun masu ciwon suga da ɗan burushi, in shafa a gilashi, in ƙirga ƙwayoyin halitta 1,000 na kowane mutum, ina neman wani ɗan ɗigo a gefen cibiyar ƙwaya. Ɗigon nan ɓalgacen DNA ne, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, da aka bari a waje lokacin da ƙwaya ta rabu biyu.

Suga in ya yi yawa a jini yana haifar da sinadaran da ke cin DNA kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Folet kuwa, wani bitamin ne, da taimakonsa jiki ke ƙera taimin, ɗaya daga cikin tubala huɗu na DNA. In ya yi ƙaranci sai wani tubali mai kama da shi, yurasil, ya shiga gurbin taimin, sinadaran gyara na ƙwaya su zo cire shi, garin cirewa zaren ya tsinke. Mai suga da folet ya yi wa ƙaranci, duka biyu yake sha. Abin da na so in nuna ke nan.

A takardar tambayoyin da na fara tsarawa akwai layi guda: wane magani kake sha, kuma tun yaushe? Malamin da ke duba aikina ya ja masa jan biro.

"Kai likita ne? Rage min tsawon takardar nan."

"To, Malam."

Ranar kare kundi, farfesan da aka gayyato daga waje tambaya ɗaya ya yi: mutum nawa ne a cikinsu ke shan maganin suga na metformin? Jikina ya yi sanyi, don na san inda ya dosa. Daɗewa ana shan metformin kan rage bitamin B12, kuma in babu B12 folet yakan maƙale a siffar da ƙwaya ba ta iya gina DNA da ita. A jini ka gan shi fal, ƙwaya kuwa tana yunwa. Ni ban auna B12 ba, ban ma san wa ke shan me ba.

Malam ya juyo a gaban kowa ya ce, "Ai sai da na gaya maka."

Na yi shiru. Wata biyar na ƙara ina bin mutanen nan, wasu lambarsu ta daina shiga, wani dattijo ɗansa ne ya ɗauka ya ce Allah ya yi masa rasuwa.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne. Folet ba ya son haske, a naɗe kwalbar jini. Jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe a zubar, zai ba ka adadin ƙarya. In mutum ya ce yana cin zogale ko alayyahu kullum, tambaye shi awa nawa miyar ke yi a wuta. Duk takardar da babba ya gyara maka kuma, ka ɗauki hotonta.

Tawa mai jan biron tana nan cikin jakata. Ban nuna wa kowa ba ranar, don sa hannun Malam nake jira.