Sanda, ɗigo da hamza: abin da muke ci da shi

Mu huɗu ne a kamfanin, kuma sana'armu rubuta shafukan jagora na manhaja. Ina nufin irin shafin da mutum zai buɗe tagar umarni a kwamfutar Linux ko BSD ya buga `man ls`, sai bayani ya cika masa allo, babu hoto babu ado. Masu ƙera manhaja sukan gama aikinsu su rasa haƙurin zama su bayyana shi, sai su turo mana. Mu karanta, mu gwada, mu yi ta tambaya har su gaji da mu, sannan mu rubuta.

Aikina na farko da aka biya ni kuɗi a kansa, shi ne kuma na farko da aka dawo mini da shi. Kwana biyu da miƙawa mai manhajar ya kira ni.

"Malam, ka duba shafin nan kuwa bayan ka gama?"

Na ce na duba. Gaskiyar magana fayil ɗin da na rubuta na duba, ban buɗe shafin da ya fito daga cikinsa ba. Ya ce in buɗe, in sauka wajen misalai. A fayil ɗina ga abin da na sa:

`printf("sannu\n");`

A allon mai karatu kuwa ga abin da ya fito:

`printf("sannu0);`

Na daɗe ina kallon sifilin nan, ban san daga inda ya faɗo ba. Sai daga baya na gane. Ana rubuta shafukan jagora da wani tsohon harshen tsara rubutu mai suna roff, kuma a wurinsa karkatacciyar sandar nan mai jingina baya, `\`, ba harafi ba ce, sanarwa ce cewa umarni na tafe. A ofis sanda kawai muke ce mata. A harshen C, wanda aka rubuta misalin nan da shi, `\n` na nufin sabon layi. A roff kuwa tana nufin a ɗauko lambar da ke ajiye a wata ma'ajiya, kuma harafin da ya biyo baya shi ne sunan ma'ajiyar. Abin da ya biyo baya a layina alamar zancen wani ce. Roff ya nemi ma'ajiya mai wannan suna bai samu ba, ya ce to sifili ke nan, ya haɗiye sanda da n da alamar, ya wuce abinsa ko tari bai yi ba.

Maganin ɗan ƙarami ne. In kana son sanda ta fito a matsayin sanda, sai ka rubuta `\e` ko `\(rs`. Wanda ya saba da wasu harsunan zai ce ai ninka ta ake yi, `\\`, kuma a tsakiyar rubutu yakan yi aiki. Amma ka sa shi a layin makro, wato layin umarnin tsara rubutu, kamar layin da ya fara da `.B` mai kaurara rubutu, sai roff ya karanta layin sau biyu: karatun farko ya mai da sanda biyu ɗaya, na biyu ya ɗauki ɗayar a matsayin umarni. Ka koma gidan jiya. Shi ya sa na hana ninki a ofishinmu gaba ɗaya, don kada mutum ya tsaya tunanin ina yake aiki ina ba ya yi. Wannan kuɓutar da alamomi daga bakin roff shi ne rabin aikinmu, kuma rabin da ba wanda ke gani.

Mutum zai ce me ya sa ba a watsar da wannan tsohon abu ba. Sai an san inda ya fito ake yi masa uzuri. Littafin jagoran Unix na farko ya fito a 1971 daga Bell Labs a Amurka. Ba da jimawa ba Joe Ossanna ya rubuta troff, manhajar da ke karanta harshen roff, domin ya tuƙa wata na'urar ɗab'i da suka sayo, daga baya Brian Kernighan ya sake masa fasali yadda zai yi aiki da na'urori iri-iri. Makro ɗin `man` da muke amfani da su har yau sun zo da Unix bugu na bakwai a 1979, sannan James Clark ya fitar da groff, wato troff na GNU, a 1990. Ke nan harshen na maɗaba'a ne tun asali. Tunaninsa tunanin mai buga littafi ne, wanda ke son alamar zance mai lanƙwasa da karan ɗori gajere mai kyan gani a takarda. Ba a gina shi da tunanin wani zai ja linzamin kwamfuta ya kwafi layi ya liƙa a tagar umarni ba.

A nan ne babbar rigimar sana'ar take, rigimar karan ɗori.

A madannan kwamfuta maɓalli ɗaya ne ke ba da `-`. A wajen mai ɗab'i kuwa akwai karan ɗori na haɗa kalmomi, irin na "sannu-sannu", akwai alamar ɗebewa ta lissafi, akwai dogayen layuka biyu na tsaga zance. A Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba, kowanne da lambarsa: na madannai U+002D ne, karan ɗorin ɗab'i U+2010, alamar ɗebewa U+2212. Roff yana ɗaukar `-` tsirara a matsayin karan ɗorin ɗab'i. In kana nufin wanda ake bugawa a gaban zaɓin umarni, kamar `--help`, wajibi ne ka rubuta `\-\-help`.

Abin da ke sa wannan kuskure ya fi na sanda mugunta shi ne ido ba ya kama shi. A yawancin salon haruffa na tagar umarni, U+2010 da U+002D tamkar an tsaga kara. Shafi zai fito tsaf. Sai wani bawan Allah da sabarsa ta tsaya cikin dare ya buɗe shafin, ya danna `/` ya rubuta `--force` don ya nemo bayanin, a ce masa babu, alhali ga kalmar nan yana kallonta da idonsa. Ko ya kwafi misali ya liƙa, manhaja ta ce ba ta san wannan zaɓi ba. Zai zagi manhajar, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa ɗan karan nan ne ba.

Shekaru da yawa an rufa wa marubuta asiri, domin groff da kansa yakan mai da `-` tsirara zuwa na madannai idan shafin jagora yake nunawa a allo. Da groff 1.23.0 ya fito a tsakiyar 2023 aka janye wannan rufin asiri, sai ɗimbin tsofaffin shafuka suka tonu rana ɗaya. Aka yi ta ja-in-ja. Masu kula da groff suna ganin a gyara shafukan, tunda su ne ke da laifi. Masu haɗa rabe-raben Linux suna ganin mai karatu bai ci ba bai sha ba, bai kamata ya biya bashin marubuci ba, kuma Debian, ɗaya daga cikinsu, ta mai da tsohon hali a nata saitin. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa, amma ba ni da hurumin zaɓar ɓangare. Ban san a wace kwamfuta za a buɗe shafina ba, don haka dole ya fito daidai ko an rufa ko ba a rufa ba. A watannin nan mun sami aikin gyara fiye da na sabon rubutu, ba zan ɓoye ba.

Karan ɗori yana da 'yan uwa huɗu masu irin halinsa. Hamza miƙaƙƙiya takan fito a lanƙwashe, sai an rubuta `\(aq`. Wadda ke kwance ta baya `\(ga` ce, 'yar hular nan ta sama `\(ha`, mai igiyar ruwa kuma da ake nuna babban kundin mai amfani da ita `\(ti`. A cikin zance na yau da kullum ba ruwanka da su. A cikin misalin da za a kwafa, kowace sai an kuɓutar da ita. Alamar zancen wani kuma a layin makro aikinta ɗaure kalmomi wuri ɗaya, in kana son ta fito sai `\(dq`.

Akwai kuma layin da ke ɓacewa ɗungurungum. Duk layin da ya fara da ɗigo, roff umarni yake ɗaukarsa. Ka rubuta jimla ta faɗo yadda sunan fayil irin `.profile` ya zo a farkon layi, sai ya nemi makro mai wannan suna, ya rasa, ya jefar da layin duka. Ba gurbi, ba alama. Jimlar sama ta manne da ta ƙasa kamar dama haka aka rubuta. Maganinsa `\&`, wata alama marar faɗi da ba ta fitowa a shafi, aikinta kawai ta tsaya a gaba don kada ɗigon ya zama na farko.

Ɗigo kowa ya san shi. Abin da ya ba ni mamaki ranar da aka kawo mana aikin fassara wasu shafuka zuwa Hausa, shi ne hamza ma haka take. A roff hamza a farkon layi ƙanwar ɗigo ce, ita ma umarni take buɗewa. Mai rubutu da Turanci zai yi shekaru bai gamu da wannan ba, don kalmominsa ba safai suke farawa da ita ba. Mu kuwa muna da 'yan, da 'ya'ya, da 'yanci. A shafi ɗaya layuka uku suka salwanta, ɗaya daga ciki gargaɗi ne cewa 'yan fayilolin wucin gadi za su goge in aka sa wani zaɓi. Masu rubuta ƴ mai ƙugiya sun tsira daga wannan rami, sai dai su ma da nasu: ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duka sai an tabbatar fayil ɗin ya bi ta preconv, manhajar da ke juya irin waɗannan haruffa zuwa lambar da groff ke ganewa, kafin ya isa groff, ko kuma a rubuta su da lamba, kamar `\[u0253]` a madadin ɓ.

Da muka koma kan shafukan mdoc, wato ɗayan tsarin makro da ya fito daga BSD, sai abin ya koma ban dariya. Yawancin sunayen makro ɗinsa haruffa biyu ne, babba da ƙarami, kuma ana iya kiran da yawa daga cikinsu a tsakiyar layin wani makro. Cikinsu akwai `An` na sunan marubuci, da `In`, da `Fa`, da `So`, da `Ta`. Duk Bahaushe ya ga matsalar tun kafin a faɗa. Ka rubuta `.Sy An gama` kana son a kaurara "An gama", sai kalmar An ta ɓace, a ɗauki "gama" a matsayin sunan wanda ya rubuta manhajar. Nan ma `\&An` ce mafita.

Tun daga lokacin na kafa doka: duk kalmar da ta fara da ɗigo ko hamza a sa mata `\&`, ko da a tsakiyar layi take. Dalili kuwa, layin da ke tsakiya yau gobe wani zai ƙara kalma biyu a sama, editansa ya sake naɗe sakin layin, kalmar ta gangaro farko. Shafin da ka miƙa lafiya lau ya lalace a hannun wanda bai taɓa wurin ba.

Abokan ciniki sukan tambaye ni me ya sa ba za a rubuta da Markdown, tsarin rubutu mai sauƙi, kawai a bar manhajar pandoc ko makamanciyarta ta juya shi zuwa roff ba. Muna yin haka in sun so, kuma kayan juyawar sun san yawancin waɗannan ramuka. Abin da ba su sani ba shi ne niyya. In ka rubuta zaɓin umarni a cikin jimla ba ka yi masa alamar cewa umarni ne ba, na'ura ba ta da hanyar sanin ko karan ɗorin na kalma ne ko na madannai. Don haka ko da inji ne ya juya, sai mun buɗe abin da ya fitar mun bi.

Binciken namu ba shi da wani sirri. Mukan fara da `mandoc -T lint` da `groff -man -ww -z`, su ne ke tona makro da ba a sani ba, wato layukan da suka ɓace. Mu fitar da shafin a PDF, don a can hamza mai lanƙwasa ba ta iya ɓuya. Mu matse faɗin taga mu ga ko wani dogon zaɓi ya karye a ƙarshen layi an ɗora masa karan da ba nasa ba, in ya karye mu sa masa `\%` a gaba. Na ƙarshe shi ne mai gajiyarwa, kuma shi ne ba na yafewa: kowane misali a kwafe shi daga shafin da ya fito, a liƙa a tagar umarni, a ga ya yi aiki. Wanda ya rubuta shafi ba shi ke wannan gwaji ba, don hannunsa zai gyara abin da idonsa bai gani ba.

Kwanakin baya muka ɗauki wata yarinya, mai kaifin ido ce ƙwarai, tana da tsabtar aiki. Na ba ta wani tsohon shafi ta sabunta. Da yamma ta zo da fara'arta.

"Oga, na gama. Har na share wasu tarkace da na gani, ba sa fitowa a shafin ma."

Na ce wane tarkace. Ta nuna mini: `\&` goma sha ɗaya, ta cire su tas. Ban ce mata komai ba. Na jawo kujera, na ce ta buɗe tsohon shafin a taga ɗaya, nata a ɗaya, ta ƙirga layukan sashen FILES a kowanne. Ta ƙirga na hagu ta samu tara. Ta ƙirga na dama, ta sake ƙirgawa, ta ɗago ta dube ni.

"Oga, ina huɗu suka tafi?"