Iskandariya, Inda Na Fara Ganin Teku

Tun da na dawo Kaduna ake tambayata abin gani a Iskandariya ta Masar. Ku fara da ganuwar Ƙaitbai, wadda aka soma ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Na hau samanta bayan la'asar, igiyar Bahar Rum na dukan duwatsu, gishiri na manne mini a leɓe. Ni da Kogin Kaduna kaɗai na sani, wallahi sai da na yi tasbihi.

Da ƙafa na taka masallacin Abul Abbas Almursi na yi magariba. Babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 kuwa, ku ware masa wuni guda.