Shafin da babu rubutu

Yau da la'asar na dawo gida Mabera, zafin Sakkwato ya gama dafa ni, kaina cike da lissafin kuɗin makaranta da na buhun gero. Ko takalmi ban cire ba ɗiyata ta kawo mini littafin labarin zane da ta aro wurin ƙawarta, wai in karanta mata. Muka zauna kan tabarma ina bin maganganun da ke saman kawunan mutanen, har muka zo wani shafi da babu rubutu ko ɗaya. Uba ne ya shigo zaure, riga duk ƙura, hannunsa babu ko leda, yara sun rugo sun rungume ƙafafunsa. Ta ɗora yatsa kansa ta ce, “Baba, ga ka nan.”

Wallahi sai da na yi shiru. Ni hannun mutumin nake kallo, ita kuwa murnar yaran take kallo. Kwanakin nan kullum ina shigowa da kunyar abin da ban kawo ba. Alhamdulillahi, ina da lafiyar fita nema, kuma akwai masu jiran dawowata.