Na bi sawun auduga a Mancesta da ƙafa, ga abun da na gano

Mu dai a gida in aka ce Mancesta to ƙwallo ake nufi, ko United ko City, magana ta ƙare. Ni ma da na zo karatu haka na ɗauki garin, sai da na fara ware ranakun Asabar ina bin tsofaffin masaƙu da ƙafa sannan na gane ashe auduga ce ta gina shi tun daga tushe, ƙwallon ma ai leburorin masana'antu ne suka raya ta da kuɗin tikitinsu.

Abu na farko da zan faɗa ma duk mai son yin irin wannan yawon, ka bar bas ka bar tasi, ka bi gefen hanyar ruwan nan da aka haƙa da hannu wato Rochdale Canal, ita za ta kai ka unguwar Ancoats. Can za ka ga Murrays' Mills da aka soma ginawa a 1797, dogon bene na jan bulo har hawa takwas, tagogi jere reras dan hasken rana ya shiga ma masu kaɗi. Kwale-kwale ne ke kawo kwal da dilolin auduga har bakin ƙofa, injin tururi na juya komai a ciki. Na daɗe tsaye ina duba bulon nan da hayaƙi ya rina, wani wajen ma har yanzu baƙi ƙirin yake duk da wankin da aka mishi. Yanzu gidajen haya ne masu shegen tsada da wuraren shan kofi, za mu dawo kan wannan.

Daga nan sai gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Road, tashar da aka buɗe a 1830 lokacin da aka haɗa Mancesta da Libaful. Shiga kyauta ne, amma dan Allah ka tambayi lokacin da suke kunna injinan, in ka je suna kashe kaman ba ka ga komai ba. Da aka tada injin saƙa guda ɗaya tal wallahi sai da na toshe kunne, ƙasa na rawa, ƙurar auduga na tashi, mai bayanin tana magana ina ganin bakinta na motsi ban ji ko kalma ba. Ta ce a da ɗaruruwa ne a ɗaki ɗaya, shi yasa matan masaƙa suka koyi karanta leɓen juna, da yawansu suka kurumce, wasu ƙurar ta cinye musu huhu. Yara ƙanana ke rarrafawa ƙarƙashin inji suna tsince zare yana kan aiki, sai a 1833 doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba.

Da daddare na kira kawuna da ya yi aikin masaƙa a Kakuri ta Kaduna, na ce Kawu ashe haka abun yake. Ya ce yaro ai kai inji ɗaya ka ji, mu in mun tashi aikin dare har mu kai gida kunne na ta ƙugi. Sai da na maimaita mishi tambayata ta gaba da ƙarfi kan ya ji, mun saba da haka a gida amma ban taɓa haɗa abun da aikinshi ba sai ranan.

To ita audugar daga ina. Ingila ba ta noma ko ƙulli ɗaya, yawancinta daga jihohin kudu na ƙasar Amurka take zuwa, bayi baƙar fata da aka kwaso daga Afirka su ke nomawa, ta sauka Libaful sannan ta iso nan. Wannan ɓangaren ya tsaya mun a rai sosai, dukiyar da ta gina manyan benayen nan gumin bayi ne da na yara. Da yaƙin basasan Amurka ya ɓarke a 1861 auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, yunwa ta shiga Lankasha, wato yankin masaƙun da Mancesta ke ciki a lokacin, amma duk da haka a ƙarshen 1862 ma'aikata suka taru a Free Trade Hall suka aika ma shugaban Amurka Abraham Lincoln wasiƙar goyon baya kan a kawo ƙarshen bauta, shi kuma ya amsa musu a Janairun 1863. Ba kowa ne ya goyi baya ba, attajiran Libaful da yawa suna tare da masu bayin, amma mutum da yunwa a cikinshi ya tsaya ma wanda bai taɓa gani ba, ni dai na girmama su. Gunkin Lincoln na nan tsakiyar gari a wani ɗan fili da aka sa ma sunanshi.

Tsoron sake yankewar auduga ne ya kai masu masaƙun Ingila har ƙasarmu. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta British Cotton Growing Association a nan Mancesta, suka matsa a ja layin dogo zuwa arewa, ya isa Kano a 1911, suka kafa injin gurza a Zariya. Sai lissafin ya ƙi, masaƙan gargajiya na Kano sun fi su biyan auduga da daraja, manoma da 'yan kasuwa kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, jirgin da aka kawo dan auduga ya koma jigilar gyaɗa.

Faɗuwar garin ba dare ɗaya ta zo ba. Yaƙin duniya na ɗaya ya tare hanyar kai kaya, Indiya da Japan suka faɗaɗa nasu masaƙun, Indiyawa suka ƙaurace ma yadin Ingila har Gandhi ya zo garin Darwen na Lankasha a 1931 ya gana da ma'aikatan da abun ya shafa. Su kuma masu masaƙun suka ci gaba da tsofaffin injina ba sabuntawa. Je ka Royal Exchange, katafaren zauren da dillalan auduga ke ciniki, an rufe cinikin a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne amma in ka ɗaga kai allon farashin ranar ƙarshe na nan yadda suka bar shi. Wani abun mamaki ma, kamfanin David Whitehead na nan Lankasha shi ya haɗa hannu da gwamnatin Sardauna aka buɗe masaƙar KTL wato Kaduna Textiles Limited a Kaduna a 1957, wato suna rufewa a gida suna buɗewa a wajenmu, mu ma daga baya namu suka bi sahu.

Abun da na koya a nan shi ne mutanen garin ba su zauna jiran masaƙa ta dawo ba. Jami'o'i suka riƙe, a jami'ar Mancesta aka fara gwada kwamfuta mai ajiye umarni a 1948, yau ɗalibai daga ko'ina su ke cika gidajen haya. Bayan bam ɗin da 'yan tawayen Ireland na IRA suka tayar a 1996 aka sake gina tsakiyar gari, aka karɓi wasannin Commonwealth a 2002, filin da aka gina dan wasannin shi City ke amfani da shi, BBC ta kwaso wasu sassanta zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Salford a 2011. Kuma ba su rushe komai da komai ba, sun adana gine-gine da injina har da muryoyin tsofaffin ma'aikata. Ƙudan zuma da ke alamta ƙwazon lebura za ka gan shi a kwandon shara, a bango, har a jikin mutane. Mu Kakuri wa ya ɗauki muryar irin su Kawu, ga su suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Amma kar ka tsaya iya tsakiyar gari ka ce ka ga Mancesta. Hau jirgin cikin gari ka tafi Oldham, garin da a da ba na biyunshi a kaɗin zare. Can ne 'yan Pakistan da Bangaladash suka zo a shekarun 1950 da 1960 suna aikin daren da Turawa suka guda, ba su daɗe ba masaƙun suka mutu a hannunsu. Na yi sallar Juma'a a can, na zauna da wasu dattawa da suka yi aikin, 'ya'yansu yawanci tasi suke ja ko aikin sito, wasu tsofaffin masaƙun ma sun koma rumbun ajiye kayan da ake saye ta intanet, wasu an bar su tagogi a farfashe. Na tambayi ɗaya ko yana zuwa Ancoats, ya ce me zai kai shi, kuɗin hayar ɗaki ɗaya a can na wata ya fi ƙarfin ɗanshi da ke aiki kullum.