AFC Wimbledon, da maganar wane ne mai kulob

A gidan kallon da nake zuwa a Ƙofar Ƙaura kowa da tasa. 'Yan Arsenal sun fi kowa baki, 'yan Manchester United sun koyi haƙuri ko ba su so, 'yan Madrid da Barcelona kuwa sai dare ya yi suke cika benci. Ni in an tambaye ni sai in ce AFC Wimbledon, a kwashe da dariya. Mai gidan bai taɓa rubuta sunanta a allon ƙofa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai biya kuɗin shiga don ya kalli wasan rukuni na uku ko na huɗu a Ingila? Sakamakonta a waya nake dubawa ranar Asabar dab da magariba. Ɗan yayata ya taɓa ce mani, "Kawu, ko dai gudun tsiya ne ya sa ka zaɓi wadda ba wanda ya sani?" Ba gudun tsiya ba ne, tarihinta ne ya kama ni, musamman tun da aka ɗora mani riƙon kuɗin ƙungiyarmu ta unguwa.

Wimbledon unguwa ce a kudu maso yammacin Landan, can inda ake babbar gasar tanis. Tsofaffin ɗaliban wata makaranta ne suka kafa kulob ɗin ƙwallo a wurin a 1889, ya zauna a filin Plough Lane tun 1912. Kusan shekara casa'in yana fafutuka a ƙasan manyan rukunai huɗu na Ingila, ba wanda ya damu da shi sai mutanen unguwa. A 1977 aka karɓe shi rukuni na huɗu, lokacin ma da ƙuri'a ake shiga, ba da maki kaɗai ba. Zuwa 1986 yana rukuni na ɗaya. Shekara tara ke nan daga ƙasa zuwa sama.

Ƙwallonsu ba ta da daɗin kallo, gaskiya ɗaya ce. Dogon bugu ne daga baya, a bi da gudu, a sa ƙarfi, a sa gwiwar hannu in alƙalin wasa ya kau da kai. Su Vinnie Jones da Dennis Wise ba don iya yanka aka san su ba. Mu nan abin da ya fara jawo kunnenmu a rediyo shi ne sunan John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci wa kulob ɗin ƙwallo sama da ɗari. Daga baya Efan Ekoku na Super Eagles ya je can a 1994. Ko ƙwallon nan da Beckham ya ci daga tsakiyar fili a 1996, wadda yara ke ta yawo da bidiyonta har yau, ragar Wimbledon ya jefa ta.

Babbar ranarsu ita ce 14 ga Mayu 1988, wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley. Liverpool ce zakarar gasar ƙasa a shekarar, da su John Barnes da Peter Beardsley, kowa ya gama ba ta kofi tun kafin a take ƙwallo. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Wise ya ɗaga bugun tazara, Lawrie Sanchez ya sa mata kai, ta faɗa raga. Bayan an dawo aka ba Liverpool fenareti, John Aldridge ya buga, Dave Beasant ya ture. Shi ne golan farko da ya hana fenareti shiga a wasan ƙarshe na wannan kofi a Wembley, kuma shi ne kyaftin, shi ya karɓi kofin daga hannun Gimbiya Diana. Haka aka tashi, 1-0. Gasar Turai kuwa ba su je ba, don a lokacin an hana kulob-kulob ɗin Ingila shiga saboda tarzomar 'yan kallo da ta ci rayuka a filin Heysel na Belgium a 1985.

Filin wasa ne ya fara kayar da su. Bayan turmutsitsin Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayuka 97, aka wajabta wa manyan kulob su mayar da filayensu na zama zalla, ba tsayuwa. Masu Wimbledon suka ce Plough Lane ba zai gyaru ba, a 1991 suka koma haya a Selhurst Park, filin Crystal Palace. An ce na ɗan lokaci ne. Haya ta miƙe shekara goma sha biyu, tsohon filin aka sayar, daga baya aka rushe aka gina gidaje. Mai kulob ɗin, Sam Hammam, ya sayar wa wasu attajirai biyu 'yan Norway. A 2000 suka faɗo daga Firimiya, 'yan kallo suka ragu, bashi ya taru.

Sai masu shi suka kawo shawarar a ɗauke kulob ɗin kacokan a kai Milton Keynes, wani sabon gari mai nisan kilomita kusan 90, wanda ke son babbar ƙungiya amma ba ya son wahalar hawowa daga ƙasa. Ka ɗauka a wayi gari a ce an kwashe Katsina United an mayar Daura, an canza mata suna da riga, kai kuma da ke Rafindaɗi in kana son kallo ka nemi mota a tasha. Hukumar gasar ta ƙi amincewa. Aka miƙa maganar ga wani kwamiti na mutum uku, ranar 28 ga Mayu 2002 biyu suka ce a tafi, ɗaya ya ce a'a. A rahotonsu har suka ƙara da cewa in magoya baya suka tayar da wani sabon kulob daga toka, hakan ba maslahar ƙwallo ba ce. Wannan maganar ta fi hukuncin kansa ƙona ran mutanen, har yau suna maimaita ta.

Kwana biyu bayan hukuncin suka kafa AFC Wimbledon. Ba ɗan wasa, ba fili, ba riga, ba rukunin da za su shiga. A ƙarshen Yuni suka yi shela duk mai ganin ya iya ƙwallo ya zo filin gari a gwada shi, mutum 230 suka zo, daga cikinsu aka tsamo tawaga. Wasan sada zumunci na farko da Sutton United an ci su 4-0, amma mutum 4,657 suka shiga kallo. Aka ba su gurbi a rukuni na tara, inda 'yan wasa ke tashi daga wurin aiki su zo atisaye, inda wasu filayen dubu biyu ma sun yi masu yawa. Mutanen da shekara biyu baya suke kallon Arsenal da Liverpool suka koma bin ƙauyuka, suna tsaye a bakin igiya. Su ke sayar da tikiti, su ke share fili, su ke zaɓen shugabanni ta ƙungiyarsu mai suna Dons Trust, kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai kuɗinsa.

Daga Fabrairun 2003 zuwa Disambar 2004 sun buga wasan gasa 78 ba a doke su ba. Suka hau a 2004, suka hau a 2005, suka ɗan maƙale, suka sake hawa a 2008 da 2009. A Mayun 2011 suka haɗu da Luton Town a wasan neman gurbi a Manchester, aka gama ba ci har ƙarin lokaci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Golansu Seb Brown, wanda tun yana yaro mai goyon bayan Wimbledon ne, ya tare biyu, kyaftin Danny Kedwell ya ci ta ƙarshe. Suka dawo rukuni na huɗu, shekara tara cif bayan an ce masu kar su soma. A 2016 suka doke Plymouth 2-0 a Wembley suka hau na uku, ƙwallo ta biyu Adebayo Akinfenwa ya ci, ƙaton nan ɗan asalin Najeriya da masu buga ƙwallo a kwamfuta suka sani da ƙarfi.

Wancan da aka ɗauke ya zama MK Dons a 2004. A 2007 ya haƙura da tarihin tsohon kulob, ya mayar da kofuna da kayan tarihi hannun ƙaramar hukumar Merton, inda Wimbledon take. A 2018 ya faɗo rukuni na huɗu, AFC Wimbledon na zaune a na uku, karo na farko da ta kasance sama da shi. A Nuwamban 2020 kuma suka koma Plough Lane, sabon fili mai ɗaukar mutum dubu tara da 'yan kai, a inda ake tseren karnuka a da, taku kaɗan daga tsohon. Da kuɗin ginin ya gaza, magoya baya ne suka ranta wa kulob sama da fam miliyan biyar daga aljihunsu don kar a sayar wa attajirai da rinjaye. Wasan farko aka yi 2-2 da Doncaster, fili wayam saboda korona.

Kar a ɗauka labarin duk zuma ne. Kulob ɗin da magoya baya ke riƙe da shi talaka ne. Duk ɗan wasan da ya fara haske sai an sayar da shi, bashin fili na nan ana biya, a 2022 suka faɗo rukuni na huɗu, sai 2025 suka koma na uku bayan sun ci Walsall 1-0. Filin Kingsmeadow da suka zauna kafin su koma gida, na wani ƙaramin kulob ne mai suna Kingstonian tun asali. Da suka tashi tafiya suka sayar wa Chelsea, Kingstonian ta koma yawon haya, irin abin da su kansu suka yi kuka a kai. Ga kuma Wrexham. Ita ma a da magoya baya ke riƙe da ita, suka kaɗa ƙuri'a suka sayar wa 'yan fim biyu na Hollywood, ta hau sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, ta wuce Wimbledon ta bar ta da ƙura. Duk wanda ya ce kuɗin attajiri ba ya aiki bai kalli tebur ba.

Amma mu nan mun ga ɗaya fuskar. Katsina United ta je wasan ƙarshe na kofin ƙalubale shekara uku a jere, 1995, 1996 da 1997, ba ta ɗauka ba ko sau ɗaya. Shooting Stars ta doke mu, sai Julius Berger, sai BCC Lions ta Gboko. Biyun ƙarshen nan na kamfanoni ne. BCC Lions har kofin Afirka ta ɗauka a 1990. Ina suke yau a babbar gasa? Leventis United ta Ibadan ta taso daga rukuni na uku, ta lashe gasar ƙasa a 1986, shekara ta zagayo aka rufe ta. Abiola Babes ta bi sahu. Raccah Rovers ta Kano, zakarar 1978, sai a bakin dattawa. Tamu Katsina United ma bayan waɗancan shekaru ta ɓace daga sama tsawon lokaci, sai a kakar 2017 ta dawo, ta sake faɗuwa a 2022 tare da Kano Pillars, suka dawo tare a 2023. Galibin manyan kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, ƙarfinsu na bin ra'ayin wanda ke kan kujera. Mai kallon da ke cika filin wasa na Karkanda da ihu ba shi da ta cewa a kan ko da kalar riga.

A ƙasa ma haka abin yake, sai dai ƙarami. Ƙungiyarmu ta unguwa wani Alhaji ne ya daɗe yana ɗauke da ita: riguna, ƙwallaye, kuɗin mota in za mu buga a Jibiya ko Batagarawa, lemu da ruwan leda bayan wasa. Allah ya saka mashi, bai taɓa goranta mana ba. Shekarar da kasuwa ta juya mashi baya kuwa ko rajistar gasar ƙaramar hukuma ba mu iya biya ba, yaranmu masu kyau suka watse zuwa wasu unguwanni. Da muka zauna na kawo maganar kowa ya riƙa ba da naira ɗari biyar a wata, da iyayen yara da mu masu zuwa bakin fili, a rubuta a littafi, wanda ya biya shi ke da bakin magana ranar zaɓen shugabanni. Wani dattijonmu ya ce, "Malam, mutumin da ke biyan kuɗin kallon Chelsea sau biyu a mako zai ce maka ba shi da ɗari biyar, ka rubuta ka ajiye." Bai yi ƙarya ba, watan farko da ƙyar aka haɗa kuɗin ƙwallo biyu.

Alhaji da kansa ya zo zama na gaba, ya ce a sa sunansa a littafin, ya miƙo ɗari biyar ɗinsa kamar kowa. Sai ga sabuwar gardama. Wasu suka ce rashin kunya ne a ba mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da ƙungiya ƙuri'a ɗaya daidai da ta ɗan acaɓa, a yi mashi kujerar uban ƙungiya ta dindindin, maganarsa ta zama ta ƙarshe. Ni na ce a ba shi kujerar girmamawa, a riƙa fara gaishe shi a kowane taro, amma ƙuri'a ta tsaya ɗaya, don ba Alhajin yau nake tsoro ba, wanda zai gaji kujerar nake tunani. Ba a rabu da matsaya ba. An ɗage maganar zuwa bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma kafin nan dole in bi gidaje in karɓo na watan nan, don ragar gola ɗaya ta yage kuma mai ɗinki ya ce sai ya ga rabin kuɗi a hannu.