Inda na tsaya da kalmomin tsari a Japananci

Salam 'yan uwa masu fama da Japananci. Ina shirin jarabawar JLPT N1, matakin ƙoli na gwajin iya Japananci, ta watan Disamba, to wannan satin kaf na ba wa kalmomin tsari da kintsi, don na lura komai kirei (wato tsaf) nake cewa, ɗaki kirei, tebur kirei, rubutu kirei, alhali kalmar ta yi faɗi da yawa, har kyau ma tana nufi.

Waɗanda suka fi cin min lokaci su ne seiri (整理) da seiton (整頓), kullum tare suke zuwa shi ya sa na ɗauka abu ɗaya ne, ashe ba haka ba. Seiri shi ne ka tantance kayanka, wanda ba ka buƙata ka fitar da shi. Seiton kuma abin da ya rage ka ba kowanne mazauninsa, yadda in ka miƙa hannu za ka same shi ba sai ka yi ta lalube ba. Wallahi ba su zauna min ba sai da na gwada a teburina, na zubar da tsofaffin takardu ina cewa seiri, na jera littattafai ina cewa seiton. Su ne biyun farko a tsarin 5S na masana'antun Japan, sai seisou wato shara da goge-goge, seiketsu ɗorewar tsaftar, na ƙarshe shitsuke, tarbiyya kenan. Harafinsa 躾 a Japan aka ƙirƙire shi, jiki ne da kyau aka haɗa, abin ya burge ni sosai.

Na yi kuskure ɗaya, na ce wa abokin da muke hira da shi ɗakinsa kichoumen ne. Ya ce a'a, kichoumen (几帳面) halin mutum ne, mai tsantseni da ba ya barin ko ɗigo a karkace, ɗaki kuwa sai dai seizen to shite iru, wato a tsare yake, kishiyarsa zatsuzen. Asalin kichoumen daga kichou ne, labulen tsaye na gidajen manya a zamanin da, wanda ake sassaƙa gefen sandarsa da matuƙar kula.

Soroeru kam ta shiga da wuri, kutsu o soroeru, jera takalma a bakin ƙofa kansu na kallon waje.

Har yanzu hannuna na rawa a rubuta 整, harafin farko na seiri da seiton, zane 16 ne, sati mai zuwa in sha Allah shi zan fara yi kullum da asuba kafin in taɓa riro seizen, wato magana mai tsari da ma'ana.