Wata takwas ina bin kifin bas a Teksas: ga inda aka kwana

'Yan uwana masu koyon fatsa, barkanmu da war haka. Akwai wani ɗan littafi da ke kwana a aljihun motata. Duk ranar da na fita ruwa sai na rubuta lokacin da na isa, kalar ruwan, abin da na jefa, da abin da ya ci. Daga Maris zuwa Oktoba na fita sau 34, kuma sau 11 daga ciki hannu rabbana na dawo. Jiya na zauna na karanta shi tun daga farko, na ga akwai abin da zai rage muku asarar kuɗi da ta zare.

Wanda bai san kifin ba, ba motar haya nake nufi ba, don ƙanwata sai da ta tambaye ni haka a waya. Kifi ne mai kore-kore, da baƙin zane a gefe tun daga kumatu har wutsiya, da baki wagege wanda in ka samu babba dunƙulen hannunka zai shige. Wanda ya taɓa ganin giwan ruwa a Yawuri ko Argungu zai ce 'yan uwa ne, sai dai giwan ruwa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Halinsa kwanton ɓauna ne. Yana laɓewa a gindin kututture, ko cikin ciyawa, ko ƙarƙashin gada, ya jira abin da zai gifta. Mutanen nan ba kasafai suke sa masa tana ta gaske ba, da roba da katako da ƙarfe ake yaudararsa, kuma nan wasan yake.

Maris

Na fara da kuskuren da kowa ke yi. Na shiga kanti na ga bango guda cike da kifayen roba masu ƙyalli, kwaɗayi ya ɗebe ni na cika akwati. Fita huɗu na farko a kududdufin unguwarmu da ke gefen Dalas, ko taɓawa ba a yi ba. Ina isa sai in tsaya ƙiƙam a bakin ruwa da farar riga, in wurga can tsakiya iya ƙarfina, in naɗo da sauri, bayan jifa biyar in kwance in ɗaura wani.

A fita ta biyar wani dattijo da na saba gani zaune kan bokiti ya yafuto ni. Bai ce komai a kan akwatina ba. Cewa ya yi in ja da baya taku uku, in dubi gindin ƙafata. Ai kuwa ga wani share-share a kan yashi kamar faifai, ruwan bai kai gwiwa ba, ga kifi tsaye a kai yana kaɗa wutsiya. Kifi na ganinka mai jar koma. Ashe duk kwanakin nan a kansu nake tsayawa ina jifa inda babu kowa. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyas, namijin ne ke fitowa gaɓa ya share gurbi, macen ta zuba ƙwai ta tafi, shi ya tsaya gadi har 'ya'yan su fara yawo. A arewacin Teksas hakan kan faɗo a Maris da Afrilu.

Dattijon ya ba ni wata tanar roba mai kauri, inci 5, wadda ake kira Senko. Ba ta da wutsiya, ba ta da ado, kamar guntun alli. Gary Yamamoto ne ya ƙirƙiro ta, kuma sirrinta gishirin da aka cuɗa a cikin robar, shi ke sa ta nutse a hankali bakinta biyu na rawa. Ya soke ƙugiya a tsakiyarta, babu dalma, ya ce in jefa kusa da ciyawa in bar ta ta faɗi da kanta, kada in yi komai sai kallon zare. Na jefa. Ina cikin ƙirge sai na ga zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Kifina na farko ke nan, inci 13. Na ɗauke shi hoto ya fi sau goma.

Afrilu

Wannan watan na ba wa ɗauri guda ɗaya, wanda ake kira ɗaurin Teksas, kuma in za ku ɗauki abu ɗaya daga rubutun nan to shi ne. Za ka fara zura dalma mai siffar harsashi a zare, tsininta na kallon sanda. Ni mai nauyin kashi ɗaya cikin takwas na oza nake sa wa a ruwa marar zurfi, in da iska in ƙara zuwa kwata. Sai ka ɗaura ƙugiya mai lanƙwasa a wuya, lamba 3/0. Ka soke kan tanar kaɗan, ka fito da tsinin ta gefe, ka tura tanar sama har ta hau wuyan ƙugiya, ka juya ƙugiyar, sannan ka mayar da tsinin cikin jikin robar ya ɓuya. Tunda tsinin a ɓoye yake, za ka iya jefa ta cikin rassa da ciyawa ta fito ba ta maƙale ba, kuma can kifin yake. Sharaɗi ɗaya: tanar ta miƙe sak. In ta karkace za ta riƙa juyawa, ta murɗe maka zare.

Wahalar ba a ɗaurin take ba, a hannu take. Ka jefa, ka bari ta taɓa ƙasa, ka ɗaga bakin sanda a hankali, ka sauke, ka naɗe rarar zaren, ka dakata. Sati biyu na yi ban iya bambance cizon kifi da karo da dutse ba. Na fizgi kututture har ban san adadi ba. Daga baya hannu ya gane: dutse dum yake yi ya tsaya, ciyawa nauyi take yi mai laushi, kifi kuwa tak yake yi kamar an ɗan ƙwanƙwasa maka sanda da farce, wani lokacin ma babu tak ɗin, sai dai ka ji dalmar ta ɓace. Ka sauke sanda, ka naɗe har zaren ya miƙe, ka fizga sama da ƙarfi, don sai tsinin ya huda robar kafin ya kai ga bakin kifi.

Tanar roba ba sabon abu ba ce. Nick Creme ne ya fara dafa ta a kicin ɗin gidansa a garin Akron na jihar Ohayo a 1949, daga baya kamfanin ya koma Tyler, nan Teksas, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga inda nake. Kala kuwa na daina wahalar da kaina. Kore mai duhu in ruwa ya yi garau, baƙi mai ratsin shuɗi in ruwan sama ya dama shi. Sauran fakitin suna nan a akwati ko buɗe su ban yi ba.

A ƙarshen watan na yi asarar kifin da har yau yake min ciwo. Ya ja, ya yi tsalle na ga farin cikinsa, sai zaren ya saki. Da na duba bakin zaren sai na ga ya nannaɗe kamar wutsiyar alade. Ba tsinkewa ya yi ba, ƙullina ne ya zame. Daren nan na zauna na koyi ƙullin Palomar: ka ninka zare biyu, ka zura ta idon ƙugiya, ka yi ƙulli sako-sako, ka shigar da ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin, ka jiƙa da yawu, ka ja. Tun daga ranar bai sake zame min ba.

Mayu

Na sayi injin naɗi irin wanda ke zama a saman sanda, saboda na ga shi ƙwararru ke riƙewa. Jifan farko zaren ya cukurkuɗe, abin da mutanen nan ke kira sheƙar tsuntsu. Dalilin shi ne gangar zaren na ci gaba da juyawa bayan abin da ka jefa ya rage gudu. Maganinsa ka matse ɗan maɓallin gefe har in ka saki, abin ya sauka a hankali gangar ta tsaya da ya taɓa ƙasa, sannan babban yatsa ya koyi taka birki. A bayan gida na koya, ina jifan bokiti da yamma, maƙwabta na leƙe. Shawarata ga sabon shiga, ya zauna da injin da ke rataye a ƙasan sanda har shekara ta zagayo. Kifi bai san wanne ka riƙe ba.

Yuni da Yuli

Zafin Teksas ba ya jin kunyar na Sakkwato, ga kuma gumi a kai. Da rana ta take, kifin sai ya koma zurfi ko inuwa, mai tsayuwa a gaɓa ya zama ɗan kallo. Sai na mayar da fitata bayan sallar asuba. Ina idarwa in ɗauki sanda, kafin gari ya waye tangaran ina bakin ruwa, ƙarfe takwas na dawo gida. Awa ɗaya da rabin nan ta fi min yini guda.

A nan na san kwaɗon roba. Jikinsa holoƙo ne, ƙugiya biyu kwance a bayansa, ana jan sa a kan bado da ciyawar da ta rufe ruwa. Babu abin da ya kai wannan daɗi a harkar nan, kuma babu abin da ya kai shi ban haushi. Kana cikin jan sa sai ruwa ya fashe fau, gabanka ya faɗi, hannunka ya fizga kafin ka yi tunani, kwaɗon ya dawo maka a fuska babu kifi. Littafina ya nuna kifi ya kai wa kwaɗon duka sau 14 a sati uku, na fito da biyu. Sai an jira. In ruwan ya fashe ka bari sai ka ji nauyinsa a sanda tukuna. Ni dabarar da na yi wa kaina ita ce in faɗi bismillahi a hankali har ƙarshe kafin in fizga. Zare ma sai an canza. Zaren roba na yau da kullum yana miƙewa kamar danƙo, ba zai fizgo kifi daga cikin ciyawa ba, sai na koma zaren saƙa mai ƙarfin laba 50, wanda ba ya miƙewa kuma yana yanka ciyawar. Akwai na uku da ke nutsewa kuma ba ya cika ganuwa a ruwa, shi nake ƙulla wa a gaba in zan yi aiki da tana.

Ku riƙa duba inda za ku taka. Jajayen tururuwan nan masu cizo kamar wuta sun taɓa hawa ƙafata har gwiwa, kuma akwai macijin ruwa mai dafi da ke buɗe farin baki in ka matso.

Agusta

Fita uku, kifi ɗaya. Abin tunawa kawai shi ne lasisin fatsa na shekara na jihar nan yana ƙarewa 31 ga Agusta, sai a sabunta. Wanda yake son gwadawa kafin ya kashe kuɗi, a gandun shaƙatawa na jiha, irin Cedar Hill da ke bakin tafkin Joe Pool, ana fatsa daga gaɓa ba lasisi, kuɗin shiga kawai za ka biya.

Satumba

Uwargida ta gaji. Ta ce wata shida ana nuna mata hoto, tukunya ba ta shaida ba, wane irin su ne wannan? Gaskiyarta. Inda muka fito, wanda ya kama kifi ya mayar ruwa sai an tambayi lafiyarsa. Su ma nan ba da haka suka tashi ba. George Perry, manomin da ya kama bas mai laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da ɗoriya, a tafkin Montgomery na jihar Jojiya ranar 2 ga Yunin 1932, gida ya kai shi aka soya aka cinye. Shekara 77 babu wanda ya kamo shi a tarihi, sai a 2009 da Manabu Kurita ya fito da mai laba 22 da oza 5 a tafkin Biwa na Japan, kuma aka ce kunnen doki suka yi, don ƙa'ida sai ka zarce da oza 2. Sakin kifi ya bazu ne bayan Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu kamun bas a 1968, ya fara sa ana sakin kifin gasa da ransa a 1972.

Dokar jihar a yawancin ruwaye ta yarda ka tafi da biyar a rana, kowanne ya kai inci 14, amma wasu tafkunan da nasu tsarin, kamar Fork inda duk wanda ya faɗo tsakanin inci 16 da 24 dole a mayar da shi. A tafkin nan ne aka kama mafi girma a tarihin Teksas a 1992, laba 18.18. Na kai mata biyu masu inci 15. Ta yi farfesu, ta ɗanɗana, ta ce tarwaɗa ta fi shi. Tun daga nan ba ta sake tambaya ba.

In za ku saki, ku jiƙa hannu tukuna, ku kama leɓensa na ƙasa da babban yatsa yana rataye a miƙe. In babba ne ku tallafi cikinsa da ɗaya hannun, kada ku karya masa muƙamuƙi don hoto. Haƙoransa kamar sanfefa suke, za su kankare muku yatsa, ba komai.

Oktoba

Ruwa ya fara sanyi, ƙananan kifaye sun taru a lungunan gaɓa, bas na bin su. Ranar Asabar ta biyu, da iska-iska da hadari, na koma kututturen nan da ya cinye min ƙugiya ba adadi a Afrilu. Jifa na uku, tana baƙa, na bar ta a ƙasa har na fara tunanin wani abu daban, sai tak. Laba 4 da oza 6 a ma'aunina, mafi girma da na taɓa riƙewa. Dattijon ba ya nan ranar, na so ya gani.

Abin da ya gagare ni har yanzu shi ne ɗan kifin katako mai leɓe, irin wanda Lauri Rapala ya fara sassaƙawa a Finlan a 1936. An ce tsawon leɓen ke nuna zurfin da zai nutsa, kuma sai ya riƙa karo da dutse ko itace yana kaucewa kifi ke kai masa duka. Ni duk karon da nawa ya yi, a can yake kwana. Na bar guda biyar a gindin ruwa, kowanne da ƙugiyoyinsa masu baki uku, kifi ɗaya kacal na samu da shi, shi ma sai da na sa filaya na zare ƙugiyar daga hannun rigata. Saura biyu a akwati. Watan Nuwamba da su kaɗai zan fita, tana ta zauna a gida, don na san in tana aljihuna jifa goma zan yi in koma mata.